Sansanonin dashen itatuwa na Amurka: shin za su yi mana maganin zaman banza da hamada?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan garinmu a arewacin Jigawa, kuma na yi difloma a fannin gona. Kwanakin baya wani mutum ya zo daga birni ya yi mana lacca. Ya ce lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye a shekarun 1930, gwamnati ta kwashi matasa miliyan 3 ta zuba su a sansanoni cikin daji, suka dasa itatuwa biliyan 3, da haka aka kashe zaman banza aka kuma tsayar da hamadar da ta taso musu. Ya ce mu tara kuɗi ya rubuta mana takardar neman a kafa irin wannan sansani a yankinmu, shi kuma zai kawo dashen itacen turare. Har mun fara karɓar kuɗi a hannun mutane. To sai mahaifina ya ce in cire hannuna, wai shi mahaifinsa da ɗiban gwamna aka kai shi haƙar kuza a Jos, kuma duk inda gwamnati ta tara samari a sansani aikin tilas ne. Hankalina ya rabu biyu, ga kuɗin jama'a a hannuna, ba na iya barci. Don Allah labarin nan gaskiya ne? Kuma zai yiwu a wurinmu?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, ka dakatar da karɓar kuɗin nan daga yau, ka rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, ka ajiye takardar a hannun mutum biyu. Sauran magana za ta biyo baya.

Alƙaluman da baƙonku ya kawo ba ƙarya ba ne. Shirin da yake nufi shi ne Civilian Conservation Corps, wanda aka fi sani da CCC. Franklin Roosevelt ya hau mulki ranar 4 ga Maris 1933, lokacin da mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki a Amurka yake zaune. Ya sa hannu kan dokar ranar 31 ga Maris, aka buɗe sansanin farko ranar 17 ga Afrilu a wani gandun daji kusa da Luray a jihar Virginia, kuma kafin farkon Yuli an riga an zuba samari kusan 250,000 a sansanoni sama da 1,400. Cikin shekara tara da shirin ya yi, kimanin mutum miliyan 3 sun ratsa ta cikinsa, an kuma dasa itatuwa kusan biliyan 3. Duk wannan haka yake. Abin da ya ɗora a kan alƙaluman ne babu gaskiya a ciki.

Bari in fara da maganar Baba, domin ita ce mai sauƙi, kuma tsoronsa yana da tushe. Tsakanin 1942 da 1944 Turawan mulki sun kwashi talakawa daga lardunan Arewa da ƙarfi suka kai su haƙar kuza a tsaunukan Jos saboda yaƙi, mutane suka mutu da sanyi da yunwa da cuta. A ƙasashen Faransa, har da Nijar, sai a 1946 aka soke aikin tilas. Wanda ya tashi yana jin wannan labari daga bakin mahaifinsa ba za a ce masa ya cika zargi ba. Ko a Amurka, shugaban babbar ƙungiyar ƙwadago na lokacin, William Green, ya yi tir da shirin tun yana gaban majalisa, yana ganin sojantar da ma'aikata ne da karya farashin ƙwadago. Don a kwantar da hankalin 'yan ƙwadago ne Roosevelt ya ɗauko wani jami'in ƙungiyarsu, Robert Fechner, ya ba shi shugabancin shirin.

Amma CCC ba ɗiban gwamna ba ne. Saurayi da ƙafarsa yake zuwa ya rubuta sunansa, na wata shida, in ya so ya sabunta har zuwa shekara biyu. Sojoji ne ke kula da kwana da abinci da magani da tufafi, amma da gari ya waye sai su miƙa samarin ga malaman daji da masana ƙasa, su ke ba da aiki. Wanda ya gudu ba a ɗaure shi, korarsa kawai ake yi, kuma a ƙarshen shekarun 1930 masu guduwar sun yi yawa ƙwarai. Albashi dala 30 ne a wata, dala 25 daga ciki ana aika wa iyayen yaro kai tsaye, shi a bar masa 5.

In Baba yana son ganin irin abin da yake tsoro, ya dubi Kanada, maƙwabciyar Amurka. A 1932 gwamnatin R. B. Bennett ta buɗe nata sansanonin a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, tana biyan mutum santi 20 a yini, babu abin da ake aika wa gida, kuma babbar manufar ita ce a kawar da marasa aiki daga birane don kada su tada zaune tsaye. A 1935 mutanen suka watsar da aiki suka hau saman jiragen ƙasa na kaya suka nufi Ottawa, aka tare su a Regina, aka yi arangama da 'yan sanda ranar 1 ga Yuli har aka rasa rai. Bennett ya faɗi zaɓe a shekarar, aka rufe sansanonin a 1936. Jamus kuma ta fara da na sa kai a 1931, Hitler ya mai da shi dole a 1935, wata shida ga kowane saurayi kafin ya shiga soja, ana yi musu fareti da shebur a kafaɗa. Sunan duka ukun sansanin aiki. Ka gaya wa Baba tambayoyin da ke raba su: shin mutum da kansa ya zo, shin zai iya tafiya in ya ga dama, kuma kuɗin hannun wa suke shiga.

Maganar kashe zaman banza kuwa, yi lissafin da kanka. A 1933 marasa aiki a Amurka sun kusa miliyan 13. Mutanen da ke cikin CCC a lokaci guda yawanci kusan 300,000 ne, mafi yawan da aka taɓa kaiwa shi ne ɗan sama da 500,000 a 1935. Miliyan 3 ɗin nan jimillar shekara tara ce, wani ya shiga wani ya fita. Har 1940 miliyoyin mutane na zaune ba aiki. Yaƙin duniya na biyu ne ya shanye su, a masana'antun makamai da rundunar soja, shi ya sa a Yunin 1942 majalisa ta yanke wa shirin kuɗi ya mutu. Alherin da ya yi na gaske shi ne dala 25 ɗin nan da take isa hannun uwa kowane wata ba tare da wani ya gutsura ba, da samarin da suka zo a rame suka koma da ƙiba, da dubun dubatarsu da suka koyi karatu a azuzuwan dare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma agaji ne ga gidaje a lokacin ƙunci, kuma mai tsada ne, kusan dala 1,000 kan kowane yaro a shekara.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, domin wannan kuskuren kullum nake cin karo da shi, a ofis, a taron bita, a bakin masu ilimi ma da bai kamata ba. Shi ne ɗaukar yawan dashe a matsayin ma'aunin nasara. An dasa biliyan 3, an dasa miliyan 25, an dasa dubu 100, a tafa, a tashi. Kai da ka yi karatun gona ka san babu manomin da ke ƙirga arzikinsa da yawan irin da ya binne. Damin da ya shiga rumbu ake ƙirgawa. To me ya sa in aka zo kan itace sai hankalinmu ya tafi?

Tambayi baƙonku: ina aka dasa itatuwan nan biliyan 3? Ina da yaƙinin ba zai iya ba ka amsa ba. Kaso mai girma an dasa shi ne a jihohin da ke gefen manyan tafkuna, Michigan da Wisconsin da Minnesota, da kuma jihohin kudu masu ruwa. Michigan kaɗai ta ɗauki kusan miliyan 484. Waɗannan wurare asalinsu dazuzzuka ne masu duhu, kamfanonin katako suka sare su ƙarƙaf, gobara ta bi ta cinye saura. Ƙasar daji ce, tana jiran a mayar mata da abin da aka ɗauke. Ruwan Michigan kusan milimita 800 ne a shekara, kuma a warwatse yake cikin watanni goma sha biyu, ga dusar ƙanƙara da ke narkewa ta jiƙa ƙasa daidai lokacin dashe. Babu akuyar da ke yawo. Kai kuma damunarka ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga nan dashenka zai fuskanci wata takwas na hunturu da bazara, da gara, da kowace akuya da tunkiya da raƙumin da ke yankin a lokacin da babu wani ɗanyen ganye sai shi. Kuma ko a can ɗin, farin 1936 ya kashe dashe mai yawa, sai da aka sake.

Sannan ƙasar ta wa ce? Yawancin dashen CCC a filin gwamnati aka yi shi, gandun dajin tarayya da na jihohi. Tun 1911 akwai dokar da ta ba gwamnatin tarayya damar sayen filayen da aka lalata a gabashin ƙasar, Roosevelt ya ƙara kuɗi aka sayi wasu don samarin su sami wurin aiki. Hukumar gandun dajinsu tun 1905 take, da ma'aikata ƙwararru, da taswira, da lambunan renon dashe, da tsare-tsaren da suka daɗe a ajiye suna jiran hannaye. Abin da ba su da shi kawai shi ne ma'aikata. Da samarin suka tafi, malamin dajin da ya sa su aiki yana nan, albashinsa na tafiya, ya san kowane fili da shekarar da aka dasa shi. Mu kuwa hannaye sun yi mana yawa, abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsayawa bayan an watse.

Kuma dashen ma wani yanki ne na aikin. Samarin nan sun gina hasumiyoyin hangen gobara sama da 3,000, sun fasa dubban mil na hanyoyin shiga daji don kashe wuta, sun ja wayar tarho tsakanin hasumiyoyin, sun yi ta tuge ciyayin da ke ɗauke da cutar itatuwa, sun rage cunkoson dashe, sun gina ƙananan madatsu a kwazazzabai don tsayar da zaizaya. Wasu sun bar rayukansu a wurin: a gobarar Blackwater a jihar Wyoming, cikin Agustan 1937, mutum 15 suka mutu, yawancinsu yaran CCC. Wato tsaron abin da ke tsaye ya ci gumi kamar yadda sabon dashe ya ci. Ba za ka ji mai neman kwangila yana ba da wannan labarin ba, domin babu abin sayarwa a cikinsa. Ledar dashe ake sayarwa.

Sai maganar hamadar da aka ce an tsayar. Abin da ya faru a filayen tsakiyar Amurka, wajen Oklahoma da Kansas da arewacin Texas, ba rairayi ne ya taso daga wani wuri ya rufe su ba. Ƙasar ciyawa ce mai saiwa mai zurfi, aka kawo tarakta aka kife ta don noman alkama a shekarun 1910 da 1920 lokacin da alkama ke tsada. Da fari ya zo, babu abin da ke riƙe da ƙasar, iska ta kwashe ta. Ranar 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta mai da rana dare, kuma kafin watan ya ƙare aka kafa hukumar kare ƙasar noma a ƙarƙashin Hugh Bennett. Maganin da shi Bennett ya dage a kai shi ne canja yadda ake noma: huɗa ta bi kwanciyar ƙasa, a bar karan amfanin gona a fili, a mayar da wuraren da ba su dace da garma ba su koma ciyawa. Daga 1937 manoma suka fara kafa gundumomin kare ƙasa da su da kansu suke gudanarwa. Sannan ruwan sama ya dawo a ƙarshen 1939 zuwa 1941. Duk wanda ya ce maka itatuwan sansani ne suka tsayar da ƙurar, ya tsallake rabin labarin.

An yi shingen itatuwa a yankin, gaskiya ne, kuma shi ne ɓangaren da ya fi kama da halinmu, don haka ka lura da yadda aka yi shi. Daga 1935 zuwa 1942 an dasa itatuwa kusan miliyan 220 a layukan da tsawonsu ya kai mil 18,600, daga iyakar Kanada zuwa Texas. Miliyan 220, ba biliyan 3 ba. Da farko 'yan siyasa sun so a ja katanga guda miƙaƙƙiya. Masana irin su Raphael Zon suka zauna da bayanan ruwan sama da na ƙasa suka shata iyaka, suka ce yamma da nan itace ba zai rayu ba, kada a ɓata kuɗi. Suka bar wuraren da ƙurar ta fi tsanani da yawa a wajen layin, duk da surutun da za a yi. A gonakin mutane aka dasa, kusan gona 30,000, kuma sai manomi ya amince zai gyara filin, ya kewaye shi daga dabbobi, ya yi ta nome tsakanin layukan har itatuwan su rufe. Ana haɗa iri daban-daban, gajeru a gefe, dogaye a tsakiya, ana fifita irin da aka tattara a yankin. Yawancin masu dashen ma ba 'yan sansani ba ne, mutanen yankin ne da wani shirin ba da aiki ya ɗauka, suna kwana a gidajensu. Kuma duk da wannan kulawa, bayan shekaru da aka sami injinan ban ruwa masu buƙatar fili a buɗe, manoma da yawa sun tumɓuke shingayen. Itacen da mai gona bai ga amfaninsa ba, ko ya girma, kwanansa ƙirgagge ne.

Gaggawar cika adadi ta jawo musu ɓarnar da har yau suke biya. A jihohin kudu hukuma ta raba miliyoyin dashen wata ciyawa mai yaɗo da aka kawo daga Japan, kudzu, don ta riƙe ƙasa, har ana biyan manomi dala 8 kan kowace eka, yaran CCC kuma suka yi ta dasawa. Ta riƙe ƙasar, sannan ta haye itatuwa da turakun lantarki da tsofaffin gidaje. A 1953 hukumar ta cire ta daga jerin abin da take ba da shawarar a shuka, a 1970 aka ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa. Ka san yadda kacalla ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru. To ka ɗauka a ce gwamnati ce ta biya mutane suka dasa ta. Masana irin su Aldo Leopold, wanda ya jagoranci wasu ayarin CCC da kansa a 1933, sun koka tun a lokacin cewa wannan ayari na gyara abin da wancan ke ɓatawa, wani na share kurmin da tsuntsaye ke fakewa, wani na busar da fadama.

Wannan ya kawo ni kan turaren da baƙonku zai kawo. Me ya sa turare? Saboda yana saurin tashi a leda, yana da araha a lambu, yana kyau a hoto. A wurin da ruwan ƙasa ke kusa, in ana son azara da turaku, yana da amfaninsa. Amma a gefen gonar gero yana kokawa da shuka kan ɗan danshin da ke akwai, dabba ba ta cin ganyensa, ganyen da ya zubar ba ya gina ƙasa kamar na gawo. Wanda ya zaɓa muku iri kafin ya ga filin, kafin ya tambayi zurfin rijiyarku, ba shawara ya zo ba ku ba, kaya ya zo sayarwa.

Na gaji da zuwa bikin dashe. Na sha tsayawa a rana ana jiran babban baƙo, a shimfiɗa masa darduma har bakin rami, ya sa dashe ɗaya, a zuba ruwa da sabuwar buta, a karanta adadi a lasifika. Sau da yawa ma a ƙarshen Agusta ake yi, ko cikin Satumba, saboda sai lokacin kuɗi suka fito, ruwa na shirin ɗaukewa. Wata shekara na koma wani fili da muka dasa, cikin Afrilu, ni kaɗai a kan babur. Allon da aka kafa yana nan da fentinsa. Na bi layi ina ƙirgawa, ramuka ne da ledoji baƙaƙe da iska ta maƙale a jikin ƙaya. Na rubuta rahoto na ba da adadin da ya rayu, aka dawo mini da shi aka ce adadin da aka dasa ake so, domin shi ne ke cikin takardar biyan kuɗi. Shekarar da ta biyo baya aka sake dasa filin nan, aka sake ƙirga shi a matsayin sabo. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, saboda yaran ƙauyen da suka haƙa ramukan nan da gaske suka yi, sun ɗauka garinsu ake gyarawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ana tsallake teku a ɗauko misali, alhali wanda ya fi dacewa da ku yana bayan Maigatari. Tsallaka ka nufi Magariya da Matamaye da rani ka dubi gonaki. A jihohin Maraɗi da Damagaram manoma sun mayar da itatuwa kusan miliyan 200 a fili kimanin hekta miliyan 5, kuma mafi yawansu ba dasa su aka yi ba. Sassabin zamani ne: in ka zo sharar gona, maimakon ka sare duk tohon kalgo da sabara da gawo ka ƙone, sai ka zaɓi rassa masu ƙarfi a kan kututture ka bari, ka rage sauran. Saiwar ta riga ta yi shekaru a ƙasa, ta san inda ruwa yake, ba ta buƙatar buta. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi, ya juya ga wannan hanya a 1983 bayan ya ga dashen da yake rabawa yana mutuwa. Kuma akwai darasi a cikin labarinsa da ya shafi tambayarka kai tsaye. A yunwar 1984 an haɗa abin da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa don su sami hatsi. Da aka daina rabo, da yawa suka sare. Waɗanda suka bari suka ga itacen girki da abincin dabba da gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Abin ya yaɗu sosai ne da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, malamin daji ba zai ci tararsa don ya yanke reshe ba.

Ba ina cewa dashe ba ya yi a yankinmu ba. A kwarin Majiya, wajen Buza a Nijar, an fara shingayen darbejiya a 1975 kuma sun tsaya, amma sai da aka sa masu gadi suna korar dabbobi a shekarun farko. A Keita, ita ma a Nijar, daga 1984, an farfaɗo da fako da gandari da ramuka masu tare ruwa, kuma mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na aikin. Wannan ma abin lura ne, domin CCC ta maza ce zalla. Sansanonin da aka yi wa mata bisa matsin Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa, ba su ɗauki fiye da kusan 8,500 ba. Mu kuwa mace ce ke neman itacen girki, ita ta san wane itace ya ɓace a dajin garin.

Akwai kuma batun wa zai zaɓi masu shiga. Dokar CCC ta hana nuna bambancin launi, bisa gyaran da ɗan majalisa baƙar fata Oscar De Priest ya shigar, amma a jihohi irin su Georgia jami'an yanki sun ƙi rubuta baƙaƙe sai da aka yi musu barazanar tsayar da kasonsu, kuma a 1935 aka raba sansanonin baƙi da na farare. Mu ma mun gani a 2020, da aka zo ɗaukar mutum 774,000, dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, rigimar farko da ta ɓarke tsakanin 'yan majalisa da ƙaramin ministan ƙwadago a kan wanda zai rubuta sunaye ce. Wata uku ko rani ɗaya ba ta ƙetarar da dashe.

Mu Musulmi muna yawan kawo hadisin da ke cewa duk wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Ana karanta shi a kowane bikin dashe. Amma a duba lafazin: sai an ci daga gare shi. Tsuntsu ba ya cin 'ya'yan itacen da ya bushe a wata na biyar. Wanda ya karɓi kuɗin talakawa ko na gwamnati ya binne dashe ya juya baya, ya san ba zai rayu ba, ya rubuta adadi ya sa hannu, ya ci amana, kuma za a tambaye shi. Kai ma kuɗin da ke hannunka amana ce, shi ya sa ba ka barci.

Ka kira taron ƙungiya, ka gayyato baƙon, ka sa dattawa da mata su zauna. Ku tambaye shi filin wa za a dasa, wa zai yi gadi daga Nuwamba zuwa Yuni da kuma wanda zai biya mai gadin, ina ruwan zai fito, sannan ya faɗi wurin da ya taɓa dasawa shekara uku da suka wuce ku tura mutum biyu su ƙirgo. Ku ce masa za a biya shi kan itacen da ke raye bayan rani biyu. In ya amince, ku rubuta a gaban mai gari. In ya fara kame-kame, ka mayar wa kowa kuɗinsa a gaban shaidu, sai ɗan abin da suka yarda a cire na mota, ku ɗauki manoma biyar ku kai su Magariya kafin a fara sharar gona, su ga yadda ake barin toho a kan kututture.